Allon Ƙofar Direkta

Akwai laifin da alƙali ba ya ɗaure mutum a kansa, amma a wurina ya fi sata muni: ka tsare mutum da alkawari, ka hana shi tafiya neman abincinsa, bayan ya zauna kuma ka juya masa baya. Shi ne laifin Bilya, mai kamfanin talla a Garwa.

Ziyad ne mai zanen kamfanin. Duk wani allon talla da ke hanyar Ngong, na sabulu ko na man girki, daga hannunsa ya fito. Tare suka faro, tun kamfanin yana ɗaki guda da kwamfuta ɗaya da fanka mai kuka. Sauran ma'aikata suna ce wa Bilya patron, wato maigida, shi kuwa Ziyad Yaya yake ce masa.

Wata shekara wani babban kamfanin talla a Yawunde ya nemi Ziyad, har da gidan zama. Da Bilya ya ji, sai ya sa shi a mota suka nufi zauren Alhaji Mahamat, attajirin sabulu da mai, wanda ya fi kowa ba kamfanin aiki, kuma aminin marigayi mahaifin Ziyad ne.

Attajiran Garwa ba mutanen takarda ba ne, haka kakanninsu suka zo da abin. Magana ake yi a gaban babba, a shafa Fatiha, ta ɗauru ke nan. Duk aikin da Bilya ke samu a wurinsu ta wannan hanya yake samunsa.

"Baba, ka roƙar mini shi," in ji Bilya. "Zan buɗe reshe a Marwa. Ranar da na buɗe, shi ne direkta. A gabanka na faɗa."

Alhaji ya dubi Ziyad. "Ɗana, ka dai ji. Yawunde nisa gare ta, ga tsohuwarka ba ƙarfi. Ka yarda?"

"Na yarda, Baba."

Aka ɗaga hannu, aka shafa. Ziyad ya kira mutanen Yawunde ya ce su ba wani.

Da maganar reshe ta kankama, shi ya riƙa zirga-zirga zuwa Marwa. Shi ya samo gidan ofis a unguwar Dugoy, shi ya zaɓi fenti, shi ya yi ta rigima da kafinta. A gidansa na unguwar Jambutu kuwa matarsa Sadiƙa har ta fara ɗaure kwanoni a kwali. In ta ajiye masa tuwo sai ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, direkta, a yi haƙuri da miyar talakawa." Shi kuma ya yi dariya ya ce ta jira ta ga kujerar.

Ana saura kwanaki a buɗe, Bilya ya tsaya a bayan Ziyad yana latsa waya, yana zayyana ayyuka: ƙyallen maraba, katin gayyata, riguna. Sannan ya ce, kamar ba komai, "Sai allon ƙofar ofis. Ka sa Blaise, a ƙasa ka sa Directeur. Ruwan zinariya."

Hannun Ziyad ya tsaya. "Wane Blaise, Yaya?"

"Daga Duwala zai zo. Yana da takardar diplom, faransancinsa kamar a bakinsa aka ƙera. Ka san bankuna da kamfanonin waya, irinsa suke son gani."

"Ni fa?"

"Haba, kai ai na gida ne! Wa zai riƙe mini zane in ka tafi? Lokacinka na zuwa."

"A gaban Baba ka faɗa."

"Baba ya tsufa, abubuwa sun yi masa yawa. Kada ka je ka dame shi da wannan." Ya dafa kafaɗarsa ya fita, bai dubi idonsa ko sau ɗaya ba.

Ziyad ya jawo aikin gabansa. Bai taɓa jin an kori mutum ta hanyar ba shi aiki ba, sai a kansa. Ya zana allon, ya kuma kyautata shi, don hannunsa bai iya aikin banza ba. Bai kai ƙara wurin Alhaji ba. Da ya koma gida ya ce wa Sadiƙa ta kwance kwalayen. Ta kwance, kuma daga ranar ba ta sake wasan direkta ba.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa a Dugoy. Bilya ya aika mota ta ɗauko Alhaji Mahamat, don ya san in dattijon ya zo, attajiran Marwa za su biyo shi. Suka kuwa zo. Ziyad yana can gefe, shi aka sa ya riƙe ƙyallen da aka rufe allon da shi.

Bilya ya karɓi lasifika, ya gabatar da Blaise, aka tafa. Ziyad ya janye ƙyalle. Sai Bilya ya ce, "Yanzu Babanmu zai sa wa sabon direkta albarka."

Alhaji bai ɗaga hannu ba.

"Bilya, ai na riga na shafa wa wannan kujera Fatiha."

"Baba, wancan maganar gida ce, za mu yi ta daga baya."

"A zaurena ka yi ta, da bakina na roƙar maka yaron nan. Yanzu ka kawo ni gaban jama'a in shafa ta biyu a kan ta fari? Ni ka mayar maƙaryaci." Ya juya wajen Ziyad. "Kai kuma ka ɓoye mini?"

"Kunya na ji, Baba."

"Ba kai ke da ita ba."

Ya nemi sandarsa ya miƙe. Attajirai suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, aka bar naman rago yana hucewa a faranti. Blaise ya tambayi na kusa da shi abin da ke faruwa. Da aka fassara masa, sai ya matso ya ce wa Bilya da faransanci, "Patron, ba ka gaya mini kujerar tana da mai ita ba."

Kada wani ya ɗauka Ziyad ya ci riba. Ya bar kamfanin Bilya, ya sake kiran Yawunde, suka ce gurbin ya daɗe da cika. Yanzu a ɗakinsa na Jambutu yake zane, da kwamfuta ɗaya, kamar yadda ya fara. In sun haɗu da Bilya a masallaci yakan ba shi hannu, amma Malam Bilya yake ce masa.

Shi kuwa Bilya, ga abin da ya rasa. Ya rasa aikin Alhaji Mahamat, da na duk wanda ya tashi daga rumfar nan. Ya rasa Blaise, wanda ya koma Duwala kafin damina. Bankunan da ya yi abin dominsu ba su zo ba, reshen Dugoy ya zama shagon sayar da taya. Ya rasa mai zanen da ya ɗaga kamfanin. Kuma a kasuwar Garwa yau, in Bilya ya ce wa mutum gobe, sai mutumin ya ce ya rubuta ya sa hannu.