Mato Ya Ajiye Guga

Mato mutumin Tawa ne, kuma Tawa ba garin iyo ba ne. Shekara da shekaru aikinsa a Jidda shi ne bin jirgin masu binciken teku. Ya zura guga ya ɗebo ruwa, su auna zafinsa da gishirinsa. Ƙafarsa ba ta taɓa barin katakon jirgi ba.

A 2008 aka kawo wata na'ura kamar ƙatuwar tukunya, aka ɗaure ta tana reto a tsakiyar ruwa. Da kanta take awo, ta aika wa tauraron ɗan'adam, labari ya faɗo ofis kafin shayi ya huce. Ni dai na tsane ta, don Mato maƙwabcina ne a unguwar Kurayyat, na san yawan bakin da yake ciyarwa.

"Guga halas, ya Mato, zamaninsa ya wuce," in ji kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. "Mai nutso nake so, ya riƙa kankare ƙasan na'urar, don gansakuka na toshe ta. In ba ka iya ba, babu sabuwar iƙama, takardar zamanka ta ƙare."

Mutum da furfurarsa, sai ga shi yana koyon riƙe numfashi a duron gida.

"Maigida, ruwan girkina ne fa!" in ji matarsa Rakia. "Ka fito mini da kanka daga ciki!"

Kowace Juma'a kuma Idris, wani masunci ɗan Tafkin Cadi, ya ja shi bakin teku. Mato ya sha ruwan gishiri har ya gode Allah. Mun yi masa dariya, ba ƙarya, amma bai fasa ba.

Ranar da na'urar ta yi shiru, jirgi ya kai shi wurinta. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sa gilashin ido, ya yi bisimilla, ya faɗa. Tsoro ya kama shi, amma ya kankare ta tas. Ya taso yana tari, aka jawo shi kamar jiƙaƙƙen buhu.

Sai rediyon jirgi ya yi ƙara. Kafili ne daga ofis, yana ihu cewa awo ya dawo, kuma za a jera irinta da yawa a gaɓar nan, duka a hannun Mato.

Mato ya tofar da ruwan bakinsa, ya dubi matuƙin jirgi.

"Yalla," ya ce. "Ina ta biyun take?"