Ranar da Tsirkiya Ba Ta Yi Ƙara Ba

Mulki na Allah ne, Yana ɗaukaka wanda Ya so.

A zamanin da Mali ke da ƙarfi, an yi wani bawan gidan Mansa, sarkin ƙasar, mai suna Kekuta, wanda aka haifa cikin bauta, furfura ta same shi a bakin daga. Abu guda yake roƙo kafin ajali, a rataya masa kwarin kibau ya shiga sahun manya. Bawan da ya rasu ba kwari, 'ya'yansa dukiyar fada ne, ana kyauta da su kamar dawaki, shi kuwa yana da ɗa da 'ya.

Hanyar ita ce mutum ya tsaya gaban Mansa ya faɗi abin da ya yi a yaƙi, sai wani mai kwari da ya gani da idonsa ya ja tsirkiyar bakansa ya saki. Wannan ƙarar ita ce shaida.

Shaidarsa Sanin ne, wanda shi ma cikin bauta aka haife shi. Tare suka yi yankan ciyawar dawaki suna yara, kuma Kekuta ne ya saɓo shi daga yaƙin Takrur da kibiya a cinya. Sanin ya daɗe da samun kwari, har maroƙa sun nemo masa kakanni.

Ranar da zai tsaya gaban Mansa, da hantsi Kekuta ya same shi a zaure.

Sanin ya ce, "Tsohon jaki, har yanzu kana numfashi?"

"Ina numfashi, gurgu. Wa zai ɗauke ka idan na mutu?"

Sanin ya yi dariya, amma sai da ya waiga ko barorinsa sun ji. Ya rage murya ya ce, "Ɗan'uwana, zamani ya juya. Manya sun ce masu kwari sun yi yawa, gonaki ba su ƙaru ba."

"Ba gona nake nema ba. Yarana."

"Allah Ya kai mu la'asar."

Da la'asar Kekuta ya tuɓe rigarsa, ya sa tsumma kamar yadda ake shiga gaban Mansa, ya durƙusa ya zuba ƙasa a ka. Ya faɗi yaƙe-yaƙensa, babban maroƙi yana ɗaga maganar da ƙarfi. Da ya zo kan Takrur bai ambaci ciyawar dawaki ba, don ya rufa wa abokinsa asiri. Ya gama, ya saurara.

Sanin na zaune tsakanin masu tsohon asali, baka a kan gwiwarsa. Yatsunsa suka taɓa tsirkiya. Na damansa ya dube shi, duba guda. Sai Sanin ya janye hannu, ya gyara hannun rigarsa.

Maroƙi ya jira iyakar abin da ladabi ya yarda, sannan ya ce, "Mansa ya ji. A ba dattijo riga."

Kekuta ya sake zuba ƙasa, ya yi godiya, domin rashin godiya a wurin nan laifi ne.

A gida matarsa Nakani tana yi wa 'yarsu kitso. Ta dubi kafaɗarsa ba kwari, ta dubi rigar, ta ci gaba da kitso. Ya nemi ruwan alwala.

Bai kai damina ba, Allah Ya jiƙansa. Da ayarin gishiri ya tashi komawa arewa, ɗansa da 'yarsa na cikin kyautar da fada ta yi wa madugu.