Wanda Ya Gama Na Biyu

A shagon askin da ke tsakanin mai gyaran waya da tela ba a musun ƙwallo. Mai son wannan sai ya ƙara gaba. Musun da ake yi a nan ɗaya ne, kuma an yi shekara da shekaru bai ƙare ba: a cikin kashi bakwai na gem ɗin talabijin na Mai Fitila, wanne ya fi?

Ga wanda bai sani ba, Mai Fitila wani siririn ɗan alkafura ne da ke hawa hasumiyoyin wani birni yana kunna fitilu. Ya bi igiya, ya yi lilo da sanda, ya taka bango ya wuntsila, in ƙafa ta goce ya faɗo a koma baya. An fitar da kashin farko tun masu zuwa shagon suna sa gajeren wando. Yanzu wasunsu furfura ake rage musu, amma har gobe suna kansa.

Mai shagon shi ake ce wa Alƙali, don shi ke yanke hukunci da injin aski a hannu, kuma ba mai hankalin da zai ja da mutumin da ke riƙe da kansa. A wajen Alƙali, Na Biyu shi ne gem. Na Uku da dama-dama. Daga Na Huɗu aka fara lalacewa, Na Bakwai kuwa abin kunya ne, tunda ko ka yi tsallen banza Mai Fitila da kansa zai miƙa hannu ya kama bango. Tela na son Na Biyar, amma dalilinsa ɗinkin rigar Mai Fitila ne, don haka ba a saka shi a lissafi. Babban abokin gardama shi ne Direba, wani ƙato mai tasi da ke zuwa gyaran fuska duk bayan kwana uku ko da fuskar ba ta nemi gyara ba. Shi Na Bakwai yake so, kuma ba ya ɓoyewa. Ya ce mutum ya yini yana fama da cunkoso, ya dawo gida kuma gem ya hau shi da duka?

Duk sanda Direba ya fara samun galaba, sai Alƙali ya ɗauko dokarsa: wanda bai gama Na Biyu ba, ya saurara kawai. Direba bai gama ba. Tela bai gama ba. Kaf layin babu wanda ya taɓa wuce tsallen ƙarshe, inda Mai Fitila ke tsayawa a bakin hasumiya, gabansa duhu, sai ya faɗa ciki da fatan wani katako mai lilo zai zo daidai ƙafarsa. Alƙali kaɗai ya wuce, yana ɗan shekara goma sha biyar, kuma abokansa uku sun gani da idonsu.

Abin da abokan suka gani gaskiya ne, sai dai sun zo a makare. Wata uku Alƙali ya yi yana faɗawa duhun nan. Ran nan Mama ta aike shi shago, ya dawo ya tarar da ƙanwarsa Auta, 'yar shekara tara, zaune a gaban talabijin, Mai Fitila kuwa tsaye a ƙolin hasumiya. Sai ga sallamar abokansa a ƙofa. Ya fizge hannun gem ɗin, wato abin dannawa, daga hannunta, ya ce ta je ta kawo wa baƙi ruwa. Shi ke nan. Shekara ashirin da shida yana cin wannan suna, Auta ba ta taɓa tona masa asiri ba, shi kuma bai taɓa tambayarta yadda ta yi ba, don kunya.

Ranar wata Alhamis Direba ya shigo baki har kunne. Sun je kwashe tarkace a ɗakin ajiyar surukinsa, sai ga tsohuwar na'urar gem a cikin kwali, da kaset ɗin Na Biyu a ciki. Mai gyaran waya ya busa ta, ya goge, ta tashi. Har lambar da ke kai mutum matakin ƙarshe an samu a rubuce a bayan kwalin. Direba ya ce ranar Asabar da rana zai kawo ta shago, a haɗa da talabijin ɗin bango, kowa ya ga yadda gwanaye ke yi.

Alƙali ya ce madalla, abin da ya daɗe yana jira ke nan. Amma hankalinsa ya bar kan askin, har injin ya ɗan ci gefen gemun Direba, ya ce sabon yayi ne.

Ya yi tunanin ƙaryar ciwo, ya ga Tela zai biyo shi gida dubiya. Ya yi tunanin cewa hannu ya tsufa, ya tuna makon jiya ya cika baki cewa ko ido rufe zai yi tsallen. Ba faɗuwar yake tsoro ba. Abin da yake tsoro shi ne mutanen da suka ɗauki maganarsa da daraja su gane tun farko iska ce. Washegari da hantsi, da shago ya yi sauƙi, ya fita bayan shagon inda yake shanya tawul, ya kira Auta.

Auta yanzu ma'aikaciyar jinya ce, da 'ya'ya uku da miji mai haƙuri. Ya fara da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƙafar Mama, har ta ce masa hutunta minti goma ne, ya faɗi abin da ya kawo shi. Da ya faɗa, sai da ya janye wayar daga kunne saboda dariyarta.

"Yaya, shekara ashirin da shida? Sai yau?"

"Ki taimaka, Auta. Gobe ne."

"To ai ƙararrawa ce. In ta buga ta uku sai ka yi tsalle."

"Wace ƙararrawa?"

Ta sake fashewa da dariya. Sai a lokacin ya gane. Babansu a gidan burodi yake aikin dare, da rana yake barci, ɗakinsa kuma bango ɗaya ne da falo. Doka ce a gidan: in za a yi gem, a kashe murya. Alƙali yaro ne mai biyayya, duk rayuwarsa bai taɓa buga Na Biyu da sauti ba. Ranar da Auta ta wuce tsallen, Baba ya fita ganin likita, ita kuwa ta ƙure murya don jin daɗinta. Shi yana can yana ƙirga daƙiƙu da leɓe wata uku, ashe gem ɗin kiransa yake yi yana faɗa masa lokaci.

Ya yi mata godiya kamar ta ba shi jini. Ta ce ba komai, in ta tashi aiki da wuri ma za ta biyo ta ga gwani.

Asabar shago ya cika har ƙofa. Tela ya rufe nasa shagon, mai gyaran waya ya zo da igiyoyinsa, wasu ma Alƙali bai taɓa yi musu aski ba. Aka ɗora na'urar a kan teburin da ake ajiye hoda da man gashi, aka saka lambar, Mai Fitila ya fito da 'yan ƙafafunsa kamar tsinken ashana. Direba ya dubi hoton ya ce wannan ne ake mana gori da shi? Ai ko fuska ba shi da ita. Alƙali ya ce ya saurara kawai, sannan ya sa aka ƙara murya.

Kiɗan ya ba shi mamaki. Wani ɗan busa ne mai daɗi, mai ɗan ban tausayi, wanda bai san da shi ba, shi da ya yi shekaru yana faɗa wa mutane cewa kiɗan Na Biyu ba a yi kamarsa ba. Ya haye igiyoyi, ya wuce sandunan lilo, yatsunsa sun tuna abin da shi ya manta. Da ya iso bakin hasumiya sai ƙararrawa ta buga, ya zabura, ya danna tun a ta farko. Mai Fitila ya tafi ƙasa.

"Alƙali, ka firgita kamar yau ka fara jin ta," in ji Direba.

Aka yi dariya, Alƙali ma ya yi. Karo na biyu ya makara. Na uku babban yatsansa ya zame saboda man gashi, ya goge da tawul. A na huɗu ya riƙe numfashi. Ɗaya. Biyu. Uku. Ya danna, Mai Fitila ya faɗa duhu, katako ya zo daidai ƙafarsa, ya wuntsila sau biyu ya dira a ƙoli, gaban babbar fitilar da ba a kunna ba.

Shagon ya kaure. Tela ya jefa hularsa sama ta maƙale a fanka. Direba, wanda da gaske ya zo ne ya ga an kunyata, shi ya fi kowa ihu, yana dukan kafaɗar Alƙali yana cewa ya yarda, ya yarda. Saura dannawa ɗaya fitila ta kama, gem ya ƙare, sunan Alƙali ya tabbata har jikoki. Kowa na cewa ya kunna.

A madubi ya hango Auta. Tana tsaye a bakin ƙofa da farin kayan aiki da jaka a kafaɗa, don maza sun cika ko'ina, tana tafa masa tsakani da Allah. Ba alamar gori a fuskarta, murna kawai take yi yayanta ya fita kunya. Wannan ne ya karya masa zuciya. Da ta yi masa kallon na-san-asirinka, da ya danna abinsa.

Ya ce a rage murya. Ya ce yana da magana.

"Yau ne na fara wuce tsallen nan," in ji shi. "Wancan karon ga wadda ta wuce. Ƙanwata ce. Tana shekara tara, na ƙwace daga hannunta."

Mutane suka juya suna kallon Auta, ita kuma ta rufe baki da hannu tana cewa, "Haba Yaya, wa ya tambaye ka?" Direba ya ƙirga shekarun da aka yi ana ce masa ya saurara kawai, ya ce lallai yana bin shagon nan magana mai yawa, kuma daga Litinin zai fara. Daga nan dariya ta ɓarke, Alƙali ya tsaya ya sha ta, bai kare kansa ba. Ya yi mamakin yadda abin bai kai zafin da ya zata ba.

Tela ya tambayi Auta yadda ƙarshen yake, tunda ita ce ta fara gani.

"Ban sani ba," ta ce. "Na je kawo ruwa. Kafin in dawo ya ƙare."

Wannan Alƙali bai taɓa tunaninsa ba, ko sau ɗaya. Ya sa aka buɗa mata hanya, ya kaɗe gashin da ke kan kujerar aski, ya juyo da ita ta fuskanci talabijin, ya taka ya ɗaga ta sama yadda ba kan da zai tare mata. Ta zauna tana cewa ita fa yara na jiranta. Ya miƙa mata hannun gem ɗin da hannu biyu, ya nuna mata maɓallin, ta ce ta sani.

Ta danna. Babbar fitila ta kama, sannan fitilun birnin suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen allo, Mai Fitila ya zauna a bakin hasumiya yana kaɗa ƙafa. Duka abin bai kai minti ɗaya ba.

"Shi ke nan?" in ji Auta. Tana dariya, amma idonta ya kawo ruwa.

"Shi ke nan."

"Ai kuwa yana da kyau, Yaya."

Direba ya fara cewa ƙarshen Na Bakwai minti goma sha biyu ne, har da jirgin ruwa. Auta ba ta ko juyo ba. Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta gyara zama, ta ce wa mai gyaran waya ya sake saka lambar, tana so ta yi tsallen da kanta.