Farfelun Perekeme

Hazo bai gama washewa a kan ruwa ba aka sauko da akwatin gawar Perekeme zuwa bakin kogi a Yenagoa. Matarsa Inetimi ta dage a kan cewa a jirginsa za a kai shi gida, wanda ya yi shekaru yana jigilar mata masu kifi da shi, mai inji biyu a baya. Garinsu yana can bayan Akassa, kuma mashigin da ake bi a shiga garin sai ruwan teku ya cika yake ɗaukar jirgi. In ruwa ya janye, laka ce zalla har washegari. An riga an haƙa kabari, mutanen gari suna jira.

Doubra, ƙanin mamacin, shi ne a kan tuƙi. Ya wanke jirgin tas, ya kuma aro sababbin farfelu biyu na farin ƙarfe daga wani abokinsa mai jirgin gudu. Ya ce yayansa ba zai shiga gari kamar buhun gari ba, yau sai ruwa ya tsage. Man da dangi suka haɗa ya cika jarkoki daidai na zuwa, da ɗan ragowa.

Inetimi ta zauna kusa da akwatin, da ƙunshi mai nauyi a cinyarta. Tsofaffin farfelun mijinta ne ta naɗe a zaninta na biki. A gidansu ana sa wa namiji wani abu na sana'arsa a kabari, ita kuma ba ta ga abin da hannunsa ya fi taɓawa kamar su ba.

Aka shiga, aka shiga. Mawaƙan coci da fararen kayansu, tukwanen faten agada, katan-katan na lemo, kujeru, ga Goggo Seiyefa, yayar mahaifin su Doubra, wadda ita kaɗai ta cinye wurin mutum biyu. Doubra ya ce mata ta zauna a tsakiya don Allah, kada ta kife su. Ta ce ta wanke masa kashi tun bai san ruwa ba, ya ja jirgi ya rufe mata baki.

Tun kafin su bar gari a baya Inetimi ta ji abin bai yi mata ba. Ba ta taɓa riƙe tuƙi ba, amma ta shekara da shekaru tana jin muryar injinan nan daga madafa, har takan san lokacin ɗora ruwan wanka. Yau nishi suke yi. Goshin jirgin ya ɗaga sama, gindinsa ya nutse, yana ture ruwa kamar saniya a fadama. Doubra ya ƙara wuta, nishin ya ƙaru, jirgin bai miƙe ba. Mawaƙa suna ta waƙa, ita kuwa idonta na kan jarkoki. Ta farko ta ƙare a wurin da Perekeme bai taɓa canza jarka ba. Ta biyu ma ta bi ta.

Sai maganarsa ta dawo mata, yana tsugune a ƙofar gida kowane jajibirin kasuwa da sifana a hannu. Yakan ce farfela iri biyu ce. Akwai mai dogon taki, ta saurayin da ba ya ɗauke da komai. Akwai mai gajeren taki, ta macen da ta ɗauko itace. In ka tilasta wa mai kaya dogon taki, numfashinta ne zai ƙare a hanya. Ta sha yi masa dariya, tana cewa shi komai sai ya sako mata a ciki.

Ta dubi ƙunshin. Na mijinta masu gajeren taki ne, na aron Doubra kuwa na jirgin gudu ne.

“Ƙaramin miji,” ta ce, “man nan ba zai kai mu ba, ko?”

Doubra ya goge gumi bai kalle ta ba. Ya ce sai dai a sauke mawaƙa da tukwane a wani sansanin masunta, a dawo a ɗauke su gobe. Nan take waƙa ta tsaya. Goggo Seiyefa ta ce wanda ya isa ya sauke ta ba a haife shi ba tukuna.

Inetimi ta kwance zanin. Farfelun sun dushe, bakinsu duk ya sha guga da yashi, ɗaya da ɗigon jan fenti.

“Matarmu, ai na kabari ne,” in ji Doubra a hankali.

“In ba mu kai shi kabarin ba fa? Tsaya a tudun yashin can.”

Ya tsaya. Maza suka sauka cikin ruwa iya gwiwa da wandunan jana'iza, aka ɗaga injinan, aka kwance sababbin farfelun. Doubra zai sa mai jan fentin a dama, ta ce a'a, ta hagu ce, gefen zuciya, haka yayansa yake faɗa, don ba gefe ɗaya suke juyawa ba. Ya ɗaure noti, ya ce da ya san ta iya haka da tuni ya ɗauke ta aiki. Ta ce shi ɗin wa ya ɗauke shi. Sai da maganar ta fita ta ji ashe ta yi dariya, ta farko tun ranar da aka kira ta asibiti.

Da ya tayar da injinan, muryar da ta sani ce ta tashi. Goshin jirgin ya ɗaga, ya yi jim, sannan ya kwanta, duk jirgin ya hau saman ruwa. Doubra ya rage wuta, amma duk da haka suna tafe sumul. Inetimi ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin, tana jin rawar injin tana ratsa katakon. Hawaye suka zo, ta bar su. Ji take kamar yana dawowa daga kasuwa ne, ita kuma ba ta ɗora ruwa ba.

Sun shiga mashigin ruwa ya fara janyewa, saiwoyin itatuwa sun fara bayyana baƙi ƙirin. Sau ɗaya cikin jirgin ya goga laka, sai ya wuce. Daga nesa suka jiyo ganguna. Jarka guda ta rage ba a buɗe ba.

Da aka fitar da akwatin, Doubra ya ɗauko sifana zai kwance farfelun a kai kabari. Inetimi ta riƙe hannunsa. Ta ce ya bar su inda suke, ranar kasuwa mata masu kifi suna jiran jirgi, kuma za ta zauna a baya ta riƙa saurare har ya koya. Goggo Seiyefa ta ce ai ba a binne mutum hannu wofi. Inetimi ta karɓi sifanar daga hannun Doubra, ta naɗe ta a zanin bikin, ta bi bayan masu ɗauke da mijinta.