Tambayi Ɗela

"Ki yi mata bayani mana, Ƙande! Ni bakina ya mutu," in ji Ɗela, tana tallabe da kan Madam Nasiba a gadon asibiti a Magariya.

Likitar baƙuwa ce, ba ta jin Hausa sai Faransanci, mai fassara kuma ya tafi sallar la'asar.

Katanga ɗaya ta raba gidan Ƙande da na Madam a Dungas. Tun da tsohuwar ta bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, take tara matan unguwa a tsakar gida tana koya musu Faransanci, amma ba na allo ba. Sai ta ce, "Yau ke ce mai ciwo, ke kuma likita, bisimilla." In an gama ba ta cewa uffan, abokiyar aikinki ce za ta faɗi ko an gane ki. Ƙande kuwa Allah ya haɗa ta da Ɗela, wadda gara a cire mata haƙori da ta yabi mutum. Abin yana ci wa Ƙande rai. Burinta dai Madam ta ce da bakinta, ko sau ɗaya, ta iya. Amsar ba ta canzawa: "Ba ni za ki tarar a waje ba. Tambayi Ɗela."

A gaban likitar, Ƙande ta buɗe baki da Faransanci. Ta faɗi yadda ƙafafun suka kumbura, da yadda numfashi ke sarƙewa, da maganin da aka sha bai yi ba. Likita na gyaɗa kai, tana tambaya, ita kuma tana amsawa. Sai dai ciwon ya riga ya ci jiki. Madam ta ce a mai da ita ɗakinta.

Washegari da hantsi Ƙande ta durƙusa a gefen katifa, ta kama hannunta.

"Madam, don Allah, jiya na yi daidai?"

Madam ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juya ido a hankali zuwa bakin ƙofa, inda Ɗela ke zaune. Ƙande ta ji haushi ya taso mata tare da hawaye. Har yau ma?

Ɗela ta share hanci da bakin zane. "Kin manta gaisuwa. Kin yi ta in'ina kamar mai jin sanyi." Muryarta ta karye. "Amma likita ta gane ki, Ƙande. Wallahi da ni ce a kwance, ke zan so ki tsaya mini."

Madam ta matse yatsun Ƙande kaɗan. Kafin azahar ta cika.

Da maza suka ɗauke ta zuwa maƙabarta, mata suka fito da gero don gumbar sadaka. Ƙande da Ɗela suka tsaya a turmi ɗaya. Wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke, ba mai duban wata.