Gwajin Ƙarshe a Filin Hamada

Shekara ashirin da shida Lindsay Kerslake ya yi yana zuba makamashin roka a filin gwaji, arewa da garin Port Augusta. Rokar da suke aiki a kai ba ta da bututun ƙarfe na fitar wuta. Ramin da ake bari a tsakiyar daskararren makamashin shi ne hanyar wutar, saboda haka komai ya rataya a wuyan mai zubi.

Hannunsa na dama kuwa ya fara rawa tun bara, bai gaya wa kowa ba. Ran da yake zuba na gwajin ƙarshe, hannun ya ƙwace masa, zubin ya ɗan katse. Ya san iska na iya maƙalewa a cikin makamashin, ta sa rokar ta fashe. Ya leƙa bai ga komai ba, ya yi shiru da bakinsa.

Injiniya Noeline Prowse ce ta lissafa yadda wutar rokar za ta ci, shekara huɗu tana fama.

"Daƙiƙa biyu da rabi za ta yi tana ci, tsoho," in ji ta da safen gwajin. "In na kuskure, ni zan gasa wa kowa nama."

"Naman da kike mayarwa gawayi?" in ji Lindsay. "A rufa mana asiri."

Ko rabin daƙiƙa ba a yi ba rokar ta tarwatse. Masu bincike suka tsince gutsattsarin, ba su gano komai ba, suka ɗora wa lissafi laifi. Aka rufe aikin.

Mako uku Noeline tana bin lissafinta layi-layi, ta rame, ba ta ga kuskure ba. Lindsay na wucewa ta ƙofarta ya kasa shiga. Ran da ya daure ya shiga, ya tarar tana haɗa kaya a kwali, ta karɓi koyarwa a wata sakandare a garin Whyalla. Ya faɗa mata duka, idonsa a ƙasa.

Ta ɗago ta dube shi.

"Ka tabbata iskar ce?"

"Ban tabbata ba."

"Ni ma ban tabbata lissafina daidai yake ba. Da ka faɗa a ranar, da an zuba wata mun gani. Yanzu wa zai ba mu wata?"

Ta ɗauki kwalinta ta fita.

Ran Litinin aka sa shi ƙone ragowar makamashin a ramin bayan fili. Ya tsaya daga nesa har wutar ta mutu, sannan ya je ya miƙa makullansa na filin, ya bar aikin.