Shirun Malam Lirwanu a Dandin Mahe

Malam Lirwanu malamin dabbobi ne, mutumin Bodinga, kuma aikinsa ya iya shi. Saniya na tari daga nesa zai gaya maka abin da ke damunta. Matsalarsa ɗaya ce: in ya tashi jawabi, mutane sai su tuna suna da abin yi. Sau biyu yana tara makiyaya, sau biyu yana farawa da gaisuwa. Ya gai da hakimi, ya gai da wakilin hakimi, ya gai da ardo-ardo ɗaya bayan ɗaya, ya nemi gafarar wanda ya manta. Kafin ya iso kan shanu, ba kowa a gabansa sai mai sayar da rake, shi ma canji yake nema.

To bana abin ba na wasa ba ne. Ciwon huhu ya ɓulla a rugagen da ke maƙwabtaka da Shagari, an kuma ba shi allurar rigakafi kula guda, cike da ƙanƙara. Maganin nan ba ya shiri da zafi. In ƙanƙarar ta narke ya ɗumama, ruwan banza ne, kuma ba za a sake kawo wani ba sai bayan mako uku. Aikinsa ke nan ranar kasuwar Dandin Mahe: ya sa makiyaya su saurare shi, su koro shanunsu, a yi musu allura tun maganin na da sanyi.

Ya zo da makami kuwa. A wani taron bita a Sakkwato, wani mai kwat da lasifika a wuya ya koya musu yadda ake buɗe jawabi. Ya ce gaisuwa ce ke kashe taro. Mutum ya fito kawai ya tsaya, ya yi shiru, ya kafe jama'a da ido, kada ya ce uffan sai kowane ido ya dawo kansa, ko ɗaya kada ya rage. Lirwanu ya rubuta wannan, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Mai kwat ɗin dai babu labarin ya taɓa tsayawa a gaban Fulani.

Da hantsi ya iso bakin kara, inda ake cinikin shanu. Ya kafe babur, ya sauke kula ya ajiye a rana, don a lissafinsa minti biyu zai yi. Ya hau wani tudun ƙasa ya tsaya. Ga Ardo Bello, dattijon makiyayan yankin, zaune da mutanensa a gindin dalbejiya, amma Lirwanu ya danne zuciyarsa, bai yi musu sallama ba.

Abin mamaki, dabarar ta ci. Hayaniya ta fara sauka. Dillalai suka saki hannun juna, mai shayi ya tsaya da buta a sama, idanu suka yi ta juyowa. Daɗi ya kama Lirwanu har cikin ƙashinsa, don tunda yake ba a taɓa kallonsa haka ba.

Saura ido biyu. Wani tsoho ne can gefe yana tufka igiya, kansa a sunkuye. Ba ya ji sosai, bai ma san ana wani abu ba. Mai hankali zai bar shi da igiyarsa ya fara magana, amma Lirwanu mutum ne mai bin ƙa'ida, kuma an ce ko ɗaya kada ya rage. Ya ci gaba da jira. Rana na dukan fuskarsa, shi kuma ya ƙi ƙiftawa don kada kwarjinin ya karye. Hawaye suka taru, ɗaya ya gangaro.

A ƙasar nan, mutumin kirki da ya zo gaban manya bai yi sallama ba, ya tsaya ƙiƙam, ya kasa magana, ga hawaye, labari ɗaya ya kawo. Ardo Bello ya ajiye sandarsa a hankali.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Ardo. "Wanga bawan Allah an yi mai rashi."

Kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya. Lirwanu ya buɗe baki, amma tuni hannuwa huɗu suka riƙe shi suka sauko da shi daga tudun, ana cewa ya yi shiru, ba sai ya faɗa ba, an gane. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Aka kira limamin kasuwa, mutum mai jiki, mai ciwon gwiwa, wanda ba ya iya zaman ƙasa. Aka duba abin da zai zauna a kai, sai ga kula. Aka jawo ta bakin inuwa, rabinta a rana, liman ya zauna ya ɗaga hannu.

Wa zai katse addu'a? Lirwanu ya ɗaga hannu shi ma, yana amin, idonsa na ƙarƙashin liman. Da aka shafa ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan kular..."

"Ka bar zancen aiki yau, ɗana," in ji liman, yana gyara zama. "Duniya ba ta da tabbas."

Sai layi ya kafu. Kowa ya durƙusa ya ce ya haƙuri, kuma wanda aka ce wa ya haƙuri dole ya amsa. Lirwanu ya amsa wa mutum arba'in. Tsakanin na arba'in da ɗaya da na arba'in da biyu ya samu ya ce, "Ba wanda ya rasu." Suka girgiza kai cikin tausayi. Wani dillali ya ce haka ƙanensa ya yi ta faɗa har kwana bakwai.

A bayan layi kuwa ana ta bincike cikin raɗa, don ba a tsare mai makoki da tambaya. Wani ya ce mahaifinsa ne. Wani ya ce mahaifin ya shekara goma sha ɗaya da rasuwa, shi ya ma je jana'izar. Aka yanke cewa to yanzu ne zafin ya iso masa. Wani mai waya bai gamsu ba, ya kira ɗan'uwansa a Bodinga ya tambaya wa aka rasa a gidan su Lirwanu. Ɗan'uwan bai sani ba, sai ya fita tambaya, tambayar kuma ta zaga unguwa ta zama labari.

Ba a jima ba wayar Lirwanu ta yi ƙara. Matarsa ce, Zuwaira, kukanta har na nesa na ji.

"Malam, wa anka rasa? Gida ya cika, mata sai shigowa sukai, ni ko ban san wa nika ma kuka ba."

"Zuwaira, ba kowa. Ki saurare ni..."

Ardo Bello ya karɓe wayar a tausashe, ya ba ta haƙuri, ya kashe. Ya juyo ga jama'a ya ce, "Kun dai ji da kunnenku. Can gida ma an tabbatar."

Kusan azahar wata motar haya ta tsaya, 'yan'uwa takwas suka fito daga Bodinga. A hanya bakwai daga cikinsu sun riga sun yarda Kawu Idi ne, tunda shi ya fi kowa tsufa a dangi, sai dai sun kasa faɗa da ƙarfi saboda shi ne na takwas, yana gidan gaba. Kawu Idi ya dogara sanda ya zo ya durƙusa, ya yi wa Lirwanu ta'aziyya mai ratsa jiki, ya karɓi furar da aka miƙo ya sha.

Kiran salla ne ya ɗaga liman. Lirwanu ya yi tsalle ɗaya ya buɗe kula. Ruwa ne, mai ɗumi kamar na wankan jego, kwalaben na yawo a ciki. Ya sa hannu ya taɓa su ɗaya ɗaya, ko za a dace, ba a dace ba. Ya kuma san ba liman ba ne ya jawo, ba Ardo ba ne.

Da aka idar da salla sai ga ƙura. Shanu ne, farare da jajaye, garke bayan garke, sun cika fili har bakin hanya. Ashe tun ɗazu Ardo ya aika rugage.

"Na ce musu," in ji Ardo Bello, "mutumin da anka yi ma rashi, amma yat taho da magani don dabbobinmu, ba a barin shi shi koma da kayanai. Ga su nan. Ka yi aikinka."

Shekara tara Lirwanu na neman wannan rana. Kuma kwalaben ba su canja kama ba. Da zai zuƙa ya tsira wa kowace saniya, ba mai ganewa, rahotonsa ya cika, a yaba masa a ofis. Ya tsaya da sirinji a hannu har ya ji kunyar tsayuwar, sannan ya mayar da shi aljihu.

"Salamu alaikum," ya ce. "Ba wanda ya rasu, ga Kawu Idi nan ku tambaye shi. Shirun da na yi dabara ce anka koya min don ku saurare ni. Ciwon huhu na kusa da ku. Na kawo rigakafi, na bar shi ga rana, ya lalace. Laihina na."

Ba wanda ya zage shi, abin da ya fi masa ciwo ke nan. Ardo Bello ya shiga cikin garkensa ya jawo wata farar saniya, ta tsaya wuya a miƙe, tana numfashi da ƙyar. Lirwanu ya kara kunne a haƙarƙarinta, ya daɗe, ya ɗago.

"Shekaranjiya ta hwara tari," in ji Ardo. "Da ka yi magana da hantsi, da ta tsira?"

"Ita a'a, ta riga ta kamu. Sauran nika so in tsare. A ware ta yanzu, kada ta sha ruwa da su."

Ardo ya juya ya dubi sauran, saniya sittin da 'yan maruƙansu, waɗanda suka kwana a garke ɗaya da ita.

"Wani maganin sai yaushe?"

"Mako ukku, Ardo."

Ardo ya koma wurin farar saniyar. Ya ɗaura mata igiya da hannunsa, ya ja ta gefe guda.